Alamomin Rubutu da Tsarin Manhaja a Matsayin Makamin Tunani: Nazari daga Kudancin Kaduna

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi ƙoƙarin bayyana yadda alamomin da ake rubutawa a takarda, da kuma tsarin da ake yi wa manhajar kwamfuta, suke faɗaɗa tunanin ɗan Adam. Mutane da dama sun ɗauka cewa rubutu ma'aji ne kawai, wato mutum ya gama tunaninsa a ka, sa'annan ya zuba shi a takarda don gudun mantuwa. Abin da za a nuna a nan shi ne, akwai tunanin da ba ya yiwuwa sai an sami alamar da za ta ɗauke shi, kuma kowace alama, yayin da take fito da wani abu fili, tana rufe wani. An ɗauko mafi yawan misalan daga yankin Kaduna da ke kudu da kogi, musamman Kakuri da Makera da Barnawa, saboda a nan ne masana'antu suka tara akawuna da masaƙa da masu buga tafireta a wuri guda, kowannensu da irin alamomin da yake aiki da su.

3.1 Ma'anar Alama da Manhaja

Abin da ake nufi da alama a wannan babi shi ne duk wani zane da jama'a suka amince ya tsaya a madadin wani abu, tare da ƙa'idar yadda za a sarrafa shi. Baƙaƙe da wasula alamomi ne, haka lambobi, haka ɗigon da ke raba naira da kwabo. Sharaɗin ƙa'ida yana da muhimmanci, domin shi ne ya raba alama da ado. Ita kuwa manhaja, jerin umarni ne da aka rubuta wa kwamfuta da wasu alamomi na musamman don ta aiwatar. Tsarin manhaja kuma shi ne shawarar da masu ƙirƙirarta suka yanke game da abin da mai amfani zai gani a allo, da abin da zai iya taɓawa, da abin da na'urar za ta yi a ɓoye ba tare da ta tambaye shi ba.

Masana biyu ne suka fi shahara wajen haɗa waɗannan abubuwa da tunani. Na farko shi ne Kenneth Iverson, mutumin Kanada, wanda ya ƙirƙiro wani tsarin alamomin lissafi ya buga shi a littafi a 1962, daga baya tsarin ya zama harshen kwamfuta da ake kira APL. A wannan harshe, alamomi biyu kacal, wato +/, sun isa a tara jerin lambobi komai tsawonsa. Da aka ba shi lambar yabo ta Turing a 1979, laccar da ya gabatar kacokan a kan wannan batu take, cewa alama makami ce ta tunani. Na biyu shi ne Douglas Engelbart na Amurka, wanda ya rubuta rahoto a 1962 a kan yadda za a ƙara wa basirar mutum ƙarfi da na'ura, kuma shi ne ya nuna wa duniya linzamin kwamfuta a San Francisco ranar 9 ga Disamba, 1968. A cikin rahoton nasa akwai wani gwaji mai ban dariya amma mai ma'ana: an ɗaura wa fensir bulo, aka yi rubutu da shi. Rubutun ya fito manya-manya, a karkace, kuma a hankali. Manufarsa ita ce, al'ummar da ba ta da abin rubutu sai irin wannan fensir ba za ta yi dogon lissafi ko dogon littafi ba, ba don mutanenta sun gaza wasu basira ba. Za a sake komawa ga wannan bulo a ƙarshen babin.

3.2 Kudancin Kaduna a Taƙaice

Masaƙar zamani ta farko mai girma a Nijeriya ita ce Kaduna Textiles Limited, wadda ta fara aiki a Kakuri a 1957, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead and Sons na Lancashire a Ingila. Nortex ta biyo baya a 1962, sai United Nigerian Textiles a 1964, sai Arewa Textiles a 1965. Kamfanin haɗa motoci na Peugeot ya fara aiki a Kakurin a 1975. Audugar Funtuwa da Gusau da ƙasar Zazzau tana shigowa, yadi yana fita, dubban ma'aikata daga kowane sashe na ƙasar suna karɓar albashi a ƙarshen wata. Wannan zamani ya wuce, domin an rufe Kaduna Textiles a 2002, United Nigerian Textiles kuma ta dakatar da aiki a 2007. Amma shekarun da masaƙun suka yi suna aiki sun ratsa canjin kuɗi na 1973 da shigowar ƙananan kwamfutoci, shi ya sa suka dace da wannan nazari.

3.3 Daga Wuri zuwa Naira

Kafin a zo ga akawun masaƙa, ya kamata a waiwayi yadda kakanninsa suka yi lissafin kuɗi. A ƙasar Hausa ba a shirya wuri a zare kamar yadda ake yi a wasu garuruwan bakin teku, sai dai a zube shi a ƙasa a ƙirga. Mai ƙirga yakan ja biyar-biyar da yatsu, ya tara su tsibi-tsibi, sa'annan a ɗinke 20,000 a cikin keso guda. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa guda a kan wuri 2,500, kuma ya bayyana irin wahalar da ke cikin ƙirga dubban ɗaruruwa. Abin lura a nan shi ne, tsibin wurin shi kansa alama ne. Mai ƙirga ba ya riƙe adadin a kansa, tsibin ne ke riƙe masa. Sai dai tsibi yana amsa tambaya ɗaya ce tak, wato "nawa ne?" Ba ya iya amsa "nawa zai zama idan aka ninka sau goma sha bakwai?" sai an kawo wurin an sake zubewa.

Malamai suna da wata hanyar, ta hisabi, inda kowane baƙin Larabci yake da adadinsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, har zuwa 1,000. Da wannan ne marubuta waƙoƙi suke sanya ramzi a ƙarshen waƙa, wato kalmar da idan aka tara adadin baƙaƙenta za a sami shekarar da aka rubuta ta. Hanya ce mai kyau wajen adanawa da haddacewa, amma mai wuya wajen ninkawa da rabawa, saboda ba ta da sifiri, kuma matsayin baƙi a cikin kalma ba ya canja adadinsa. Lambobin Indiya da suka iso ta hannun Larabawa, waɗanda Alkhawarizmi ya yi wa littafi a Bagadaza wajen shekara ta 825, su ne suka kawo wannan ƙa'ida ta matsayi: 5 a gidan farko biyar ce, a gida na biyu hamsin, a gida na uku ɗari biyar. Da zarar an jera lambobi a ƙarƙashin juna, hannu yana bin ƙa'ida, ƙwaƙwalwa kuwa ta huta ta koma ga tambayar da ta sa aka fara lissafin.

To amma kuɗi masu tsarin Ingila da aka yi aiki da su har zuwa ƙarshen 1972 ba su bi wannan ƙa'ida ta goma-goma ba. Kwabo 12 ne sule guda, sule 20 ne fam guda, ga kuma sisi da taro da ahu da dari da anini a tsakani. A ƙaddara, alal misali, ma'aikaci yana karɓar sule 7 da sisi a rana, ya yi aikin kwana 26. Dole akawu ya ninka sule 7 sau 26 ya sami 182, ya koma ya ninka sisi sau 26 ya mayar da shi sule 13, ya tara ya sami sule 195, sa'annan ya raba da 20 ya sami fam 9 da sule 15. Matakai huɗu ke nan a kan mutum ɗaya, kuma a kowane mataki akwai ƙofar kuskure. Wannan ya sa ofisoshin wancan zamani suke ajiye bugaggun littattafan jadawali waɗanda aka riga aka yi ninkin a cikinsu, akawu ya duba kawai ya kwafe.

Ranar 1 ga Janairu, 1973, aka koma naira da kwabo, fam guda ya zama naira 2, sule ya zama sabon kwabo 10. Lissafin da ya gabata sai ya koma 75 sau 26, wato 1950, a sa ɗigo a sami naira 19.50. Mataki ɗaya da ɗigo. Albashin bai ƙaru da ko anini ba, abin da ya canja shi ne wanda zai iya bin diddiginsa. Ma'aikacin da ya yi aji huɗu na firamare yana iya juya takardar albashinsa ya sake lissafin a bayanta, ya tunkari akawu da hujja. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a wurin da ake cire kuɗin ƙungiya da haraji da bashi kafin kuɗi su iso hannu.

Duk da haka, sabon tsarin ya zo da tasa asarar. Lamba 12 tana rabuwa gida 2 da 3 da 4 da 6, lamba 10 kuwa gida 2 da 5 kawai. Mutum uku suna raba tsohon sule kowa ya tashi da kwabo 4 ba gardama, amma ba sa iya raba kwabo 10 daidai. Wataƙila wannan yana cikin dalilan da suka sa bakin 'yan kasuwa bai saki tsofaffin sunaye da wuri ba. An daɗe ana cewa sule ana nufin kwabo 10, fam ana nufin naira 2, jaka kuma naira 200, wato fam 100 na da. Takarda ta koma sabon tsari a rana ɗaya, kai kuwa ya ɗauki shekaru.

3.4 Takardar Zanen Saƙa

Masaƙin gargajiya yana riƙe da zanensa a ka da hannu da ƙafa. Ya san adadin baƙin zare da farin da zai jera lokacin wadari idan saƙi zai yi, ya san lokacin da zai canja ƙoshiya idan luru ne, kuma ya koyi wannan ne a gindin ubangidansa cikin shekaru. Ilimi ne mai zurfi, amma yana tafiya ne daga mutum zuwa mutum, kuma idan masaƙi yana son gwada sabon zane, sai ya ɓata zare da kwanaki kafin ya ga ko zai yi kyau.

Masaƙun zamani a ko'ina, har da irin na Kakuri, suna aiki ne da takarda mai gida-gida. Kowane layi na tsaye a takardar yana wakiltar zaren wadari guda, kowane layi na kwance yana wakiltar wucewar ƙoshiya sau ɗaya. Idan aka cike gida da tawada, ma'anarsa zaren wadari ya hau sama a wannan mahaɗa. Idan aka bar shi fari, zaren ƙoshiya ne a sama. Ƙa'idar ke nan gaba ɗayanta. Saƙar akoko, wadda ita ce mafi sauƙi, gida huɗu ne kawai, biyu cike biyu fari a gicciye, ana ta maimaitawa. Saƙar kaki mai layi a karkace tana fitowa ne idan aka cike gida uku aka bar ɗaya, sa'annan a layi na gaba aka gusa da gida guda.

Amfanin wannan takarda ya wuce adana zane. Mai tsarawa yana iya ganin aibin yadi tun kafin a saƙa shi. Idan gidaje bakwai ko takwas suka jeru a cike ba tare da farin gida a tsakaninsu ba, ya san zaren zai yi ta shawagi a saman yadin, farce ko ƙusa za su kama shi. Yana iya juya zanen, ya kifa shi, ya haɗa shi da wani, duk da fensir da magogi. Haka kuma yana iya yin tambayar da masaƙin gargajiya ba shi da hanyar yi: zane nawa ne ma zai yiwu? Takarda mai gida 4 a tsaye da 4 a kwance tana da gidaje 16, kowane gida ko cike ko fari, don haka hanyoyin cika ta 65,536 ne. Yawancinsu ba za su ba da yadi mai riƙe kansa ba, amma ganin su a jere shi ne ke sa a gano ƙalilan ɗin da ba a taɓa gwadawa ba.

Tunani da gidaje ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Muhammad ibn Muhammad Alfulani Alkashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan hatimi, inda ya shimfiɗa ƙa'idojin cika hatimai masu adadin gidaje mara, ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara, wanda ake zuba wa lambobi daga 1 zuwa 9, kowane layi na tsaye da na kwance da na gicciye ya ba da 15. Ba a nan za a tattauna amfanin da ake yi da hatimi a tsibbu ba. Abin da ya shafi wannan nazari shi ne, wanda ya san ƙa'idar yana iya cika hatimi mai gida 81 ko 121 ba tare da lalube ba, abin da ba wanda zai iya yi a ka.

Daga takardar zanen saƙa zuwa manhaja taki ɗaya ne. A 1804, Joseph Marie Jacquard na birnin Lyon a Faransa ya kammala wata na'ura da ake ɗorawa a kan masaƙa, mai karanta kwalaye masu huji. Inda akwai huji zare ya tashi, inda babu ya kwanta, wato dai gida cike da gida fari aka mayar kwali. An saƙa hoton Jacquard ɗin kansa da siliki a 1839 da kwalaye wajen 24,000. Charles Babbage na Ingila ya ari dabarar don na'urar lissafin da ya tsara, Ada Lovelace ta yi mata sharhi a 1843, Herman Hollerith kuma ya yi amfani da kati mai huji wajen ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890. Ke nan umarnin da ake ba kwamfuta a yau jikan zanen saƙa ne, kuma ma'aikacin Kakuri da ya iya karanta takarda mai gida-gida ya riga ya san tushen abin, ko da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba.

3.5 Jadawalin Lissafi na Kwamfuta

Ɗaya daga cikin manhajojin da suka fi shiga ofisoshi da shagunan buga takardu ita ce ta jadawalin lissafi. Dan Bricklin da Bob Frankston ne suka fitar da ta farko, VisiCalc, a 1979, Lotus 1-2-3 ta biyo a 1983, Excel kuma a 1985. Hikimar tsarinta ita ce ba ta zo da sabuwar siffa ba. Ta ɗauki littafin akawu mai layi a tsaye da kwance, wanda kowa ya sani, ta ƙara masa abu ɗaya: gida yana iya ɗaukar ƙa'ida maimakon lamba. Ana iya ce wa gida "kai ne jimlar duk gidajen da ke samanka", kuma duk lokacin da aka canja ɗaya daga cikinsu, shi ma zai canja da kansa.

A ɗauki misalin ƙungiyar gama kai mai mutum 40 a kasuwar Kakuri, wadda take karɓar zubi duk wata tana ba da rance. A littafin takarda, idan wani ya ce a duba me zai faru in an ƙara zubi da naira 500, ko in mutum biyar sun yi jinkirin biya na wata biyu, ma'aji zai kwana yana lissafi, don haka galibi ba a yin tambayar, sai a yanke shawara da ƙiyasi ko da ƙarfin murya. A jadawalin kwamfuta kuwa, canja gida ɗaya ya isa, amsa ta fito kafin mai tambaya ya rufe baki. Idan tambaya ta yi arha, sai a yi ta da yawa, har mutum ya fara ganin alaƙar da ke tsakanin zubi da rance da jinkiri, abin da da ba ya gani. Wannan shi ne ainihin abin da Engelbart yake nufi. Saurin na'urar ba shi ne muhimmin abu ba, sauya irin tambayoyin da mutum ke yi shi ne.

Amma fa jadawalin yana nuna amsa ne ya ɓoye ƙa'ida. A littafin akawu, wanda ya zo bincike yana ganin kowane mataki da tawada. A allo kuwa lamba ce kawai tsaf-tsaf, ba a sanin ko daga ina ta fito sai an shiga gidan. A 2013, wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts mai suna Thomas Herndon ya gano cewa a wata shahararriyar maƙala ta 2010 a kan bashin ƙasashe, wadda masana tattalin arziki Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff suka rubuta, ƙa'idar wani gida ta tsallake ƙasashe biyar. A watan Oktoba na 2020 kuma, hukumar lafiya ta Ingila ta rasa sunayen mutum 15,841 da suka kamu da cutar korona, saboda tsohon tsarin fayil ɗin da aka yi amfani da shi ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. Ita ce dai lambar nan ta takarda mai gida 16, domin a can ma gurabe 16 aka ware don ƙirga layuka.

Akwai wanda ya fi waɗannan kusa da gida. Lambar waya a Nijeriya tana farawa da sifiri, haka ma lambobin asusun banki da dama masu lamba 10. Manhajar jadawali, bisa tsarinta na asali, tana ɗaukar duk jerin lambobi a matsayin adadi, adadi kuwa ba ya buƙatar sifiri a farko, don haka sai ta share shi ba tare da ta faɗa ba. Sakataren da ya shigar da sunayen 'yan ƙungiya zai iya wayar gari ya tarar da lambobin asusu masu lamba 9. Sai a 2023 kamfanin Microsoft ya ƙara wa Excel zaɓin kashe wannan ɗabi'a. Wanda ya tsara manhajar ba mugunta ya yi ba, ya yi tunanin akawun da ke tara kuɗi ne, bai yi tunanin mai rubuta lambar asusu ba.

3.6 Baƙaƙe Masu Lanƙwasa

Babu inda wannan matsala ta fi fitowa fili kamar a rubutun Hausa. Boko da ajami kowanne yana nuna wani abu ya ɓoye wani. Ajami yana bambanta dogon wasali da gajere, boko kuwa ba ya yi, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke da siffa ɗaya, sai dai jimla ta raba su. Dukansu biyu ba sa nuna karin sauti. Amma akwai abu guda da masu daidaita boko suka ga ba za a iya bari ba, wato bambancin b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ. Hanns Vischer ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912, ƙamusun Bargery na 1934 ya yi amfani da ɗigo da waƙafin sama wajen nuna waɗannan sautuka, sa'annan a cikin shekarun 1930, lokacin da R. M. East yake shugabantar hukumar talifi a Zariya, aka karɓi baƙaƙe masu lanƙwasa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ta taimaka ƙwarai wajen sabar wa jama'a da su. Da su ne mai karatu yake raba baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa, daka da ɗaka, ba tare da ya tsaya ya yi canke ba.

Tafireta da kwamfuta sun zo ba su san da wannan ba. Tsarin ASCII na 1963, wanda kwamfutoci suka daɗe a kansa, gurabe 128 ne kawai gare shi, kuma an cika su da bukatun Ingilishi. Saboda haka a shekarun 1980 da 1990, mai buga kundi yakan buga b da d da k, ɗalibi ya bi da biro shafi bayan shafi yana sa musu ƙugiya. Alamar naira ma haka ta sha. A tafireta ana buga N, a dawo baya a ɗora mata alamar daidai, a kwamfuta kuwa da ba a iya ɗorawa sai aka koma rubuta =N=, har ya zama al'ada a takardun ofis. Wannan shi ne fensir mai bulo na Engelbart: rubutun yana yiwuwa, amma da nauyin da zai sa mai gaggawa ya haƙura ya bar ƙugiyar.

Wasu sun ƙirƙiro nau'o'in haruffa na musamman inda aka sadaukar da wani maɓalli, alal misali a danna q a ga ƙ a allo. Wannan ya warware matsalar bugu a takarda, amma a cikin na'urar q ɗin yana nan q, don haka da zarar an kai fayil wata kwamfutar da ba ta da irin haruffan, sai rubutun ya dagule. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ne ya ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ da ₦ kowanne lambarsa ta dindindin, kuma a yau allunan rubutu na waya irin su Gboard suna da tsarin Hausa.

Sai dai samuwar harafi a cikin na'ura daban, sauƙin kai wa gare shi daban. Idan k yana buƙatar taɓawa ɗaya, ƙ kuwa sai an danne an jira, ko sai an shiga saituna an sauya harshe, to mafi yawan masu rubutu za su bi ta gajeriyar hanya, kuma hakan ake gani a saƙonnin waya da shafukan sada zumunta. Mai karatu Bahaushe yakan cike giɓin da kansa, ko da yake "a kara masa" da "a ƙara masa" ba umarni ɗaya ba ne. Manhaja kuwa ba ta cike giɓi sai an tsara ta ta yi. A wurinta "kasa" da "ƙasa" kalmomi biyu ne da ba su haɗa komai ba, kuma gaskiyarta ne, amma "ƙasa" da aka rubuta ba ƙugiya ta ɓace a cikin "kasa". Ɗalibin da ya je shagon kwamfuta a Barnawa yana neman kalmar "ƙungiya" a cikin tarin takardu dole ya nema sau biyu, da ƙugiya da kuma babu. Idan kalmar tana da baƙi mai lanƙwasa biyu, kamar "ɗanɗano" ko "ƙwanƙwasa", siffofin da za a iya samunta da su huɗu ne. Idan kuma jerin sunaye ne ake son manhaja ta shirya bi da bi, sunan da ya fara da Ɗ yakan faɗa can ƙasa bayan Z, sai fa in an gaya mata tun farko cewa da ƙa'idar Hausa za ta jera.